Dajin da baƙi suka ƙaurace wa

Wanda ya taso daga Tsiga ya bi ta Funtuwa ya kama hanyar Birnin Gwari, gandun dajin Kamuku na gabansa, amma yau ba mai kai iyalinsa can kallon gwanki. Tun 1999 yake gandun tarayya, a shekarun nan kuwa 'yan bindiga ne masu gida. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji ana ɗora wa yawon buɗe ido laifin ƙarewar namun daji. A ƙasarmu, ɗaukewar ƙafar baƙi ta fi zuwansu ɓarna nesa ba kusa ba.

Baƙo yana biyan kuɗin shiga, ya ɗauki ɗan jagora, ya sayi abinci a ƙauyen bakin daji. Motarsa tana ratsa hanyoyin gandu kullum, maharbi kuwa ba ya son ido. Ranar da baƙi suka daina zuwa, sai ma'aikacin gandu ya rasa man sintiri, mai gawayi ya shigo da gatari, shanu su mamaye mashaya, manomin bakin daji kuma ya rasa dalilin haƙuri da dabbar da ke cinye masa amfani.

A dubi Kure, kusa da Yamai. A 1996 raƙuman dawan da suka rage a can ba su cika 50 ba, daga baya suka haura 600. Suna cin waken manoma da mangwaronsu, jama'a suka jure domin 'ya'yansu na samun na cefane da aikin jagora. Har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai Gadabeji a jihar Maraɗi. Sai ranar 9 ga Agusta 2020 aka kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu a Kure, ɗayansu ɗan jagora ne, baƙi suka janye. Raƙuman na nan suna cin waken, kuɗin ne babu, kuma haƙurin da ba riba a cikinsa ba ya daɗewa.

Masu suka ba su rasa hujja ba. A sansanin Wikki da ke gandun dajin Yankari, gwaggon biri yakan fizge leda a hannun yaro, ya kutsa ɗakin da aka bari a buɗe, domin an saba masa da burodi da shara har ya daina tsoron mutum. Da rani ma motoci kan matsa wa giwaye a bakin kogin Gaji, lokacin da ba su da wata mashaya. Amma wannan gyaransa ba wuya: a hana ciyar da dabba, a rufe shara, a ƙayyade motoci. Giwayen Yankari masu neman haure ne suka rage su, ba masu ɗaukar hoto ba.

Kamuku bai kai ga matsalar yawan baƙi ba ma. Sai hanyar Funtuwa zuwa Birnin Gwari ta biyu ba fargaba, ma'aikatan gandu sun koma sansanoninsu, sannan a san abin da ya rage a ciki.