Yadda Aka Girgiza Makarantun Birnin Washinton

Yau za mu kai ku Washinton, babban birnin Amurka, don mu ga abin da ya auku sa'ad da hukuma ta ƙudura gyaran makarantunta ta hanyar sāke shugabanni da malamai.

A ƙasar Amurka galibi kowane yanki yana da hukumar ilmi tasa wadda jama'a ke zaɓa, ita ce ke ɗaukar malamai, ita ke sallamarsu. To, cikin shekarar 2007 makarantun Washinton, masu yara wajen dubu 50, suna cikin na baya a duk ƙasar, ko da yake ana kashe musu kuɗi mai yawa. Sai sabon Magajin Gari, Adrian Fenty, ya sa aka yi doka ta karɓe makarantun daga hannun hukumar ilmi, ta danƙa masa. Cikin watan Yuni ya naɗa Michelle Rhee shugabarsu. Ita kuwa shekara uku kaɗai ta yi tana koyarwa, a Baltimore, ba ta taɓa riƙe ko da makaranta ɗaya ba.

Ba ta yi wata-wata ba. Cikin 2008 ta rufe makarantu 23 waɗanda yara suka yi ƙaranci a cikinsu, ta sauke hedimastoci da dama. Shekara ta kewayo ta fito da sabon ma'auni, watau a shiga ajin malami sau biyar a shekara a duba koyarwarsa. Waɗansu malaman kuma rabin makinsu ya dogara ga yadda yaransu suka ci gaba a jarrabawa. Wanda ya yi fice yana iya samun tukwici har dala dubu 25, wanda ya gaza a sallame shi. Cikin watan Yuli 2010 aka sallami malamai 241.

Amma fa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Iyaye da yawa, musamman a unguwannin baƙar fata, suka ce an rufe musu makarantu ba a shawarce su ba, ƙungiyar malamai kuma ta tashi tsaye. Cikin Satumba 2010 Fenty ya fāɗi zaɓen fid da gwani, Vincent Gray ya kā da shi. Bayan wata guda Rhee ta ajiye aiki.

Sa'an nan cikin 2011 jaridar USA Today ta bayyana cewa a makarantu fiye da 100 an ga yawan goge amsar kuskure a takardun jarrabawa, ana maye ta da ta daidai. Masu binciken gwamnati ba su sami shaidar maguɗi mai yawa ba, amma zargin bai gushe ba.

Abin lura shi ne, mataimakiyarta, Kaya Henderson, wadda ta gāje ta har 2016, ba ta soke ma'aunin ba, sai dai ta sassauta shi, ta kuma riƙa jawo malamai a jika. A zamaninta yawan yara ya ƙaru, makinsu a jarrabawar ƙasa ya hau, ko da yake tazarar da ke tsakanin 'ya'yan masu hali da na talakawa tana da faɗi.

Mu dai a ganinmu, sallamar malamin da ya gaza ba laifi ba ne in an auna shi da adalci, an kuma tanadi wanda ya fi shi. Amma shugaban da ya yi gyara bai tafi da iyaye da malamai ba, kujerarsa ba ta daɗewa, sai wani ya ƙarasa aikin.