Brian O'Driscoll, mai riga lamba 13 da ya saba wa Ailan da nasara

A watan Maris na shekarar 2000, 'yan wasan zari-ruga na ƙasar Ailan suka sauka birnin Faris, babu mai sa musu ran komai. Rabon da su ci Faransa a wannan birni tun 1972. Cikinsu akwai wani saurayi ɗan shekara 21, sanye da riga kore mai lamba 13 wadda ta yi masa yawa kamar ta aro. Kafin a tashi, sau uku yana keta 'yan Faransa ya dangwala ƙwallo bayan layinsu. Aka tashi 27 da 25. Tun daga ranar sunan Brian O'Driscoll ya shiga bakin kowa a Ailan.

Ga wanda bai saba kallon wasan ba, ga yadda yake. Kowane ɓangare mutum 15, ana yin minti 80, ƙwallon kuma mai siffar ƙwai ce. Ana gudu da ita a hannu, sai dai ba a miƙa wa ɗan'uwa ita gaba. Sai baya ko gefe. Wanda ya kai ta bayan layin abokan karawa ya dangwala ta ƙasa ya ci maki biyar. Mai riƙe da ƙwallo kuwa halas ne a rungume shi a kayar. Lamba 13 yana tsakiyar 'yan baya, inda ake buƙatar gudu da ido, kuma inda ƙarti suka fi zuwa a guje. O'Driscoll ba wani ƙato ba ne. Abin da ya bambanta shi, bayan zilliya, shi ne da zarar an kayar da abokin karawa sai ka gan shi ya duƙa a kansa yana ƙwace ƙwallo, ana turmushe shi ta ko'ina bai saki ba. Wannan aikin 'yan gaba ne, masu kaurin wuya, amma ya mai da shi nasa.

An haife shi a Dabilin a Janairun 1979. Iyayensa duka likitoci ne, mahaifinsa Frank ma ya taɓa buga wa Ailan. Ya tashi a kan gaɓa, domin a 1995 aka fara biyan 'yan zari-ruga albashi, wasan ya zama sana'a. A Yunin 1999 kocin Ailan, Warren Gatland ɗan Niyu Zilan, ya sa shi wasa da Ostareliya tun bai buga wa babbar ƙungiyar lardinsa ta Leinster ba. A riƙe sunan kocin nan, za mu sake haɗuwa da shi.

Duk shekara huɗu akan zaɓo gwanayen Ingila, Skotlan, Wales da Ailan a haɗa tawaga guda da ake kira Zakuna, su tafi rangadi kudancin duniya. A 2005 O'Driscoll ne kyaftin ɗinsu zuwa Niyu Zilan. A wasan farko, a Christchurch, ko minti biyu ba a yi ba 'yan wasan Niyu Zilan biyu, Tana Umaga da Keven Mealamu, suka kama ƙafafunsa, suka ɗaga shi sama, suka sako shi ta ka. Ya kai hannu don ya kare wuyansa, kafaɗarsa ta goce. Aka fitar da shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, rangadinsa ya ƙare ke nan. Babu wanda aka hukunta. Ni dai duk lokacin da na sake kallon hoton, abin da nake gani shi ne mutumin da ya tsallake karayar wuya da ƙyar. Daga baya hukumar wasan ta tsananta hukunci a kan irin wannan kaye.

Shekarar da ya fi haskawa ita ce 2009. A Gasar Ƙasashe Shida, Ailan ta cinye wasanninta biyar duka, abin da rabon ta da yin irinsa tun 1948. A wasan ƙarshe a Cardiff, shi ya kutsa ta ƙarƙashin ƙafafun 'yan Wales ya dangwala ƙwallo, abokin wasansa Ronan O'Gara ya ƙara da bugu ana dab da tashi, aka ƙare 17 da 15. Bayan wata biyu Leinster ta ɗauki kofin Turai karo na farko, ta kuma maimaita a 2011 da 2012.

Sai 2013, rangadin Zakuna a Ostareliya, na huɗu gare shi. Kowa ya ci wasa ɗaya, saura na raba gardama a Sydney. Kocin, Gatland ɗin nan dai da ya ba shi rigarsa ta farko, ya ajiye shi, ko benci bai sa shi ba. Ailan ta ɗauki zafi kamar an taɓa mata uba. Zakuna kuwa suka lallasa Ostareliya 41 da 16. Sakamako ya wanke Gatland, wannan babu musu. Koci aikinsa cin wasa, ba rakiyar dattijo ba. Duk da haka, da wuya ka gamsar da mutumin Dabilin cewa da O'Driscoll na ciki da an sha kashi.

Ya yi sallama da rigar Ailan a Maris ɗin 2014, a Faris ɗin da ya fara suna. Suka ci Faransa 22 da 20, suka ɗauki kofin Ƙasashe Shida. Ya buga wa ƙasarsa wasa 133, ga takwas na Zakuna, ya dangwala mata ƙwallo sau 46.

Abu biyu ne suka gagare shi. Bai taɓa wuce zagayen 'yan takwas a gasar kofin duniya ba, bai kuma taɓa cin Niyu Zilan ba. A Nuwamban 2013, a Dabilin, Ailan ta yi gaba da 19 da nema, amma aka ƙwace wasan bayan lokaci ya cika, 24 da 22. Sai a 2016, a birnin Chicago na Amurka, Ailan ta kayar da Niyu Zilan karo na farko cikin shekara 111, da ci 40 da 29. Lokacin O'Driscoll ya shekara biyu da ajiye takalmi.