Bashin koperatib: wa zai tsaya maka?

Ƴan uwa masu garka na Anu Araren da Cirozerin, ku saurara.

Nan ƙasar gawayi ce. Kamfanin SONICHAR, wanda aka kafa a 1975, yana haƙo gawayi a Anu Araren, yana ƙona shi, yana aika wutar lantarki Arlit da Agadas. Ma'aikacin kamfani yana da albashi, banki ya san shi. Mai garka kuwa, albasa da tafarnuwa da dankalin turawa su ne albashinsa, kuma sai an yi watanni kafin su zama kuɗi. Amma iri da taki da esansin injin ban ruwa, tun farkon aiki ake sayensu.

To, ina zai samu kuɗin? Da yawa suna zuwa wajen ɗan kasuwa. Ya ba su, amma da sharaɗi: in albasa ta nuna, shi za a sayar wa, a kuɗin da ya yanka. Wahala taka, riba tasa.

Don maganin wannan ne aka kawo koperatib, wato ƙungiyar gama kai. A 1962 gwamnatin Nijar ta kafa UNCC don ta haɗa manoma. A 1967 aka buɗe CNCA, asusun ba manoma bashi.

Ga yadda abin yake. Talaka ba shi da gidan siminti da zai ba da jingina. Jinginarsa ita ce ƴan uwansa. A ce mutum goma sun haɗu, kowa ya ɗauki jika hamsin. Ba mutum ɗaya aka ba bashin ba, ƙungiya aka ba. In tara sun biya, ɗaya ya ƙi, bashi yana nan a wuyan duka goma. Ko su cika kuɗin, ko baɗi a rufe musu ƙofa gaba ɗaya. Shi ya sa ba a shigar da mutum don kunya ko don surukuta. A duba halinsa, a duba rijiyarsa.

Me ya faru da CNCA? An yi fari a 1973, an sake yi a 1984. Waɗansu sun kasa biya da gaskiya. Waɗansu kuma suka ce ai kuɗin gwamnati ne, ba na kowa ba. Bashi ya taru, asusu ya durƙushe a cikin shekarun 1980. Manoma suka daɗe ba su da bankin kansu, sai da aka buɗe BAGRI a 2011.

Mata sun bi wata hanya. A 1991, a jihar Maraɗi, aka fara Mata Masu Dubara tare da ƙungiyar CARE. Kowace mace tana zuba ɗan abin da ta iya duk mako a cikin akwati. Daga nan suke ranta wa juna. Kuɗin nasu ne, don haka ido yana kansu.

In za ku ɗauki bashi, ku yi tambaya kafin ku sa hannu. Nawa ne kuɗin ruwa? Wace rana za a biya? In ranar ta faɗo lokacin da albasa ta cika kasuwar Agadas, kuɗinta ya karye, ku roƙi a ɗaga ta. Kuma magatakardan ƙungiya ya zama wanda ya yi yaƙi da jahilci. Ya rubuta sunan kowa da abin da ya karɓa, ya karanta a gaban taro da Hausa da Tamajak.