Ɓoyayyen Rufi da Yoyon Sababbin Gidaje

Da zarar watan Agusta ya kama, lokacin da ruwa ya fi ƙarfi a ƙasar Hausa, sai a fara ganin bokiti a tsakiyar falo da tabo mai launin ƙasa a jikin silin, har a gidajen da ba a daɗe da tarewa a cikinsu ba a sababbin unguwannin Kano da Kaduna da Katsina. Magidanta kan ɗora laifin a kan yawan ruwa. A ganina, tushen matsalar yana ga yadda muka sauya fasalin rufi, muka kuma saki al'adar kula da shi.

Mai soron ƙasa ya san rufinsa na buƙatar hidima. Kafin ruwan farko yakan kira magini ya hau sama, a toshe tsaga, a sake yaɓe da makuba ko laso, a gyara indararo domin ya cilla ruwa nesa da gindin bango. Da irin wannan kulawa gine-ginen ƙasa kamar Gidan Makama na Kano suka kai zamaninmu. Da kwano ya zo, sai mutane suka ɗauka an gama da hawa rufi har abada. Alhali kwano yana buɗewa da zafin rana, ya tsuke da sanyin dare, kuma wannan motsi na kullum yana faɗaɗa ramin ƙusa har ruwa ya sami hanya.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne yayin ɓoyayyen rufi, inda ake ɗaga katanga ta rufe kwanon domin gidan ya yi kyan gani daga titi. Kafinta sai ya kwantar da kwanon sosai don kada ya leƙo, ruwan duka kuma ya taru a magudanar siminti da ke bayan katangar. Lissafin mai sauƙi ne: milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita guda ce. Idan aka yi ruwan milimita 50 a kan rufi mai murabba'in mita 100, lita 5,000 ce za ta sauka, wato jarka 200 mai cin lita 25, kuma ana so duk ta fice ta bututu biyu ko uku waɗanda ƙurar hunturu da leda da ganye suka riga suka cushe. Ruwan da ya rasa mafita sai ya koma ƙarƙashin kwano. Rufin da ya gangaro ya zarce bango ba ya fuskantar wannan haɗari, domin ruwansa a waje yake zuba.

Silin kuma yana ɓoye ɓarnar. Ruwa kan bi katako ya yi tafiya kafin ya ɗiga, don haka inda tabo ya fito sau da yawa ba nan ne ramin yake ba. Maigida sai ya canza kwalin da ya jiƙe ko ya sa a shafa fenti, katakon sama kuwa yana ta ruɓewa, gara na samun wurin zama, wayoyin lantarki na kwance cikin danshi. Silin POP da ya sha ruwa yakan yi nauyi ya rufto a kan masu barci. A rufin kankare, ruwan da ya ratsa yakan sa rodi tsatsa, tsatsar ta kumbura ta fasa simintin daga ciki. Ga kuma fumfunar da ke tayar wa yara da masu asma tari.

Wani zai ce ruwan ne ya ƙaru. Da gaskiyarsa, domin binciken masana yanayi ya nuna cewa ruwa mai ƙarfi na lokaci guda ya yawaita a yankin Sahel tun bayan farin shekarun 1980. Sai dai wannan hujja tana ƙara tabbatar da cewa rufi mai gangara da faffaɗar magudana muke buƙata, mu kuwa mun bi akasin haka. Wani kuma zai ce tsadar kaya ce ke tilasta sayen siririn kwano da rage haɗin gaɓa tsakanin falle da falle. Wannan uzuri na karɓe shi daga talaka. Amma katangar da ake ɗagawa don ado tana cin bulo da siminti da rodi, kuɗin da zai iya sayen kwano mai kauri, don haka a gidaje da yawa zaɓi ne aka yi.

Inda abin ya fi ciwo shi ne gidan haya. Mai gida ba ya kwana a ƙarƙashin yoyon, ɗan haya kuma ba zai zuba kuɗinsa a rufin da ba nasa ba, sai a yi ta jan magana har damina ta wuce. Da takardar haya za ta fayyace cewa mai gida zai tura kafinta ya share magudana, ya duba ƙusoshi da haɗin kwano da bango a watan Afrilu ko farkon Mayu, a cire kuɗin gyara daga haya idan ya ƙi, da an rage yawancin wannan rigima kafin hadarin farko ya haɗo.