Wane burki ya dace da amalanken jirgin ruwa?

Masunta na tabkin Madarumfa da na Tabalak sun san nauyin jirgin ruwa. A wasu wurare, ana ɗora jirgi bisa amalanken ƙarfe, mota ta ja shi har bakin ruwa. In kaya sun yi nauyi, burkin mota kaɗai ba ya isa. A gangare, amalanke sai ya tura motar. Shi ya sa ake sa mashi burki nashi.

Burki iri 2 ne: mai ganga da mai faifai.

Mai ganga a rufe yake. In ƙafafun amalanke sun shiga tabki, ruwa da laka suna maƙalewa ciki. Tsatsa ta ci ƙarfe, ba wanda ya gani. Ran da ake bukata, burki ya ƙi kamawa.

Mai faifai a buɗe yake. Ruwa na zubewa, iska ta busar da shi. In ya cinye, ido na gani. Ya fi tsada, amma shi ya dace da ruwa.

Mai saye ya nemi ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, da burkin da ya yi daidai da nauyin kayanshi. Duk ran da aka fito daga tabki, a wanke burki da ruwa mai tsabta.