Shimfiɗar Doki da Tsaftar Barga

Duk wanda ya taɓa kallon hawan Salla a Kano ko Katsina, abin da yakan tuna shi ne ado: sirdi da linzami, da dawaki masu sheƙi suna sukuwa zuwa ƙofar fada. A shekarar 2024 ma hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Amma hawa na 'yan kwanaki ne a shekara. Sauran kwanakin doki yana barga, ɗaure a turke, kuma lafiyarsa ta dogara ne ga ƙasar da yake takawa.

Barga ita ce wurin da ake ajiye dawaki. Turke kuwa shi ne gungumen da ake kafawa a ƙasa don ɗaure doki, mai yi masa hidima kuma shi ne ɗan barga. Aikin ba ƙarami ba ne a idon Hausawa, domin a fadar Kano akwai sarautar Shamaki, wadda tun asali kula da dawakin sarki yana cikin nauyin da ke wuyanta. Ɗalibi ya lura da kalmar shimfiɗa. A cikin gida tana nufin tabarma ko katifa, amma a nan muna nufin abin da ake zubawa a ƙasa domin doki ya tsaya a kai, ya kuma kwanta.

Wani zai ce, ai doki a tsaye yake barci. Gaskiya ne yana gyangyaɗi a tsaye, amma barci mai nauyi ba ya samuwa sai ya kwanta, ko da na rabin sa'a ne a kwana guda. Idan ƙasa ta yi tauri ko ta jiƙe, sai ya ƙi kwanciya, in kuma ya kwanta ya tashi da ƙujewa a gwiwa.

A ƙasar Hausa galibi rairayi ko yashi ake zubawa a gindin turke, domin yana da sanyi kuma ruwa ba ya kwanciya a kansa. A ƙasashe masu sanyi kamar Ingila, inda ake rufe doki a ɗaki mai daɓen siminti, karan alkama ko sassaƙen katako ake shimfiɗawa da kauri. Kowanne da aibinsa. Doki yakan cinye karan, kara mai ƙura ko fumfuna kuma yana sa shi tari. Shi kuwa yashi, idan aka zuba harawa ko dusa a kansa, doki zai riƙa haɗiye shi kaɗan-kaɗan har ya taru a hanji, ya jawo ciwon ciki mai iya kisa. Saboda haka ake sa abinci a komi, ba a ƙasa ba. Wanda ya ɗebo dusar katako daga wurin kafinta kuma, ya tace ta da kyau. Ƙusa ɗaya ta isa ta huda kofato, doki kuwa yana cikin dabbobin da cutar sarƙe-haƙora ta fi saurin kamawa.

Babban doki mai nauyin kilo 500 yana yin kashi sau takwas zuwa goma sha biyu a kwana guda, abin da ya kai kusan kilo 20, ga fitsari wajen lita 10. Dawakinmu ba su cika kai wannan girma ba, amma aikin bai ragu sosai ba. Da sassafe ɗan barga yakan kwance doki ya matsar da shi gefe, ya kwashe kashi da shebur ya zuba a kwando ko baro, sa'an nan ya bi da tsintsiya. Da yamma a maimaita.

A ganina, a nan ne ake gane ƙwararren ɗan barga. Kashi kowa yana ganinsa, kowa zai kwashe. Fitsari shi ne maƙiyin ɓoye, domin yana nutsewa ƙasa, saman yashi ya bushe kamar babu komai. Daga ƙarƙashi yake fitar da zarni mai yaji, wato iskar amoniya, wadda ke cutar da ido da huhu, kuma doki ya fi shaƙarta lokacin da ya kwanta, hancinsa dab da ƙasa. Danshin kuma yana ruɓar da ƙasan kofato, har a ga wani baƙin abu mai ɗoyi a cikin tsagarsa. Ƙwararre ya san inda dokinsa yake fitsari: ingarma a tsakiyar wuri, goɗiya kuwa ta baya. Nan zai haƙe jiƙaƙƙen yashin har ya tarar da busasshe, ya barbaɗa toka, ya bari wurin ya sha iska, kafin ya cike da sabon yashi. Ragon ɗan barga shi ne mai zuba sabo a kan tsoho.

Damina ta fi kowane lokaci wahala. Dole gindin turke ya ɗan yi tudu, da rumfa a sama da magudana a gefe, in ba haka ba wuri ya koma taɓo, ƙuda da sauro su yi sansani. Da hunturu kuwa ƙura ce matsala, sai a yayyafa ruwa kaɗan kafin shara.

Abin da aka kwashe ba a barinsa kusa da barga, domin a cikinsa ƙuda suke ƙyanƙyasa. Akan tara shi a juji can nesa har ya ruɓe ya zama taki. Manoman karkarar Kano sun daɗe da sanin darajarsa. Kafin saukar ruwan fari sukan kwashe shi, a da cikin mangala a kan jakuna, yanzu har da mota, su kai gonakin da za su ba da dawa da harawar da dokin zai ci baɗi.