Tsadar Batirin Agogo Da Gyaran Madauri A Maiduguri

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya saba ɗaura agogo a hannu ya san irin takaicin da kan kama mutum ran da ya duba ya tarar allura ta tsaya cik. Daga nan sai neman mai gyara, ko a Kasuwar Monday, ko a wajen Gidan Waya, inda za ka same shi zaune da ɗan akwatinsa na gilashi, da hantsaki, da madubi maƙale a ido. To, a nan gardama kan tashi. Mai agogo yana ganin batirin nan bai fi ƙwayar wake girma ba, don me za a tsawwala masa kuɗi? Mai gyara kuwa yana ganin ko uwar kuɗinsa da ƙyar yake mayarwa. Bari mu duba inda gaskiya take.

Da can agogo ba ya cin batir. Wani ake yi masa kowace safiya, ko kuwa motsin hannu ya riƙa tafiyar da shi, kamar Seiko 5 wanda dattawa ke alfahari da shi har yau. Ran 25 ga Disamba, 1969, kamfanin Seiko na Japan ya fito da Astron, agogon hannu na farko mai aiki da batir da ɗan dutsen kwaz, wanda ke kaɗawa sau 8,192 a kowane sakan. An sayar da shi yen 450,000, watau kusan kuɗin ƙaramar mota. Ba a daɗe ba farashi ya karye, har sana'ar agogo ta Suwizalan ta jijjiga, ma'aikata dubbai suka rasa aiki. A nan gida kuwa, bayan kuɗin Udoji na 1975, agogo ya shiga sahun rediyo da babur cikin kayan da ma'aikaci ke marmari. A hankali mai batir ya kori mai wani, saboda araha da kiyaye lokaci.

Abin da ya kamata mai karatu ya sani shi ne, batirin agogo ba iri ɗaya ba ne, ko da sun yi kama a ido. Akwai mai sinadarin azurfa, wanda lambarsa ke farawa da SR, kamar SR626SW da ake kira 377. Ƙarfinsa bolt 1.55 ne, kuma ba ya raguwa sai dab da mutuwarsa, yakan yi shekara biyu ko uku. Akwai na alkalin mai lamba LR ko AG, girmansu ɗaya, amma ya fi araha nesa ba kusa ba, ga saurin mutuwa, ga yoyo. Sa'an nan akwai na litiyam mai faɗi kamar kwabo, lambarsa CR, ƙarfinsa bolt 3. Irinsa ne, CR2016, ke cikin Casio F-91W wanda ya fito a 1989, kuma kamfanin ya ce yakan kai shekara bakwai. Saboda haka idan mai gyara ya faɗa maka farashi biyu, ba lalle zamba ba ce. Zamba ita ce a karɓi kuɗin mai azurfa a sa maka na alkalin.

Dalili na biyu shi ne canji. Batiran nan daga waje ake shigo da su, irin su Renata na Suwizalan da Maxell na Japan, da masu araha daga Sin. A farkon 2023 dala ɗaya wajen naira 460 take a farashin gwamnati. Da aka saki naira a watan Yuni na shekarar, sai ga ta ta haura 1,500 a 2024. A ƙara da kuɗin mota daga Ikko ko Kano zuwa Yerwa. Ban da wannan, 'yan kasuwar garin sun sha wuya sau biyu a jere: gobarar Kasuwar Monday ta ran 26 ga Fabrairu, 2023, da ambaliyar madatsar ruwa ta Alau a Satumba, 2024, wadda ta shanye kasuwar da wajen Gidan Waya. Wanda jarinsa ya ƙone ko ya jiƙe, dole ya sake tarawa daga hannun masu saye. Zafin Maiduguri ma ba ya raga wa batir. A watan Afrilu yakan wuce digiri 40, batirin da ya daɗe a akwati cikin rana kuwa ya riga ya fara gajiya tun ba a sa shi ba.

Game da madauri, aikin hawa-hawa ne. Na fata ko roba, huda ƙarin rami ne kawai, sau da yawa kyauta ake yi wa wanda ya sayi batir. Na sarƙa kuwa sai an zare 'yan ƙusoshi an cire gaɓoɓi. A bayan sarƙar akwai 'yan kibiyoyi masu nuna inda ƙusa za ta fita. Wanda ya doke ta ta baya ya ɓata ramin. Gwani yakan cire gaɓa daidai daga ɓangarorin biyu domin maƙulli ya zauna tsakiyar hannu. Ka bar wurin da ɗan yatsa zai shiga, don hannu kan kumbura da zafi. Kada ka bar gaɓoɓin da aka cire a wurin mai gyara, naka ne, kuma samun irinsu daga baya wahala ne.

Ga shawara. Yi ciniki kafin a buɗe agogo, a raba maka kuɗin batir da na aiki. Ka ga an ɓare sabon daga takardarsa a gabanka, ka karanta lambar, ka gwada da ta tsohon. Ka lura an mayar da zoben robar da ke hana ruwa da ƙurar hunturu shiga. Agogo da yawa sukan yi gargaɗi, allurar sakan ta riƙa tsallake biyu-biyu. Kada ka jira, don mataccen batir idan ya yi yoyo yakan cinye injin, araha ta zama tsada.

A ƙarshe, iyaye a yi hattara da tsohon batir. Yaro ƙarami yakan ɗauka alewa ce. Na litiyam in ya maƙale a maƙogwaro yana iya ƙona shi cikin awa biyu. Wanda ɗansa ya haɗiye, ya garzaya asibiti nan take, kada ya tsaya sa shi amai. Rigakafi dai ya fi magani.